Ina iyalan sojan da aka kwantar a asibiti suke kwana?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kaduna, matar tsohon soja, ta rubuto cewa: "Na ji an ce a Amurka idan aka kwantar da soja ko tsohon soja a asibiti, akwai gidan da ake sauke iyalinsa kyauta har a sallame shi. Da gaske ne? Wa ke biyan kuɗin? Muna da ƙungiyar mata, muna sha'awar yin irin wannan, amma wasu daga cikinmu sun ce gara a sayi magani da kuɗin. Ke da kika yi aikin jinya a nan da can, me kika gani?"

Amsa: Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya saka wa ƙungiyarku da alheri. Abin da kika ji gaskiya ne. Sunan gidajen Fisher House, kuma yanzu sun kai kusan ɗari, mafi yawansu a Amurka, biyu a Jamus, ɗaya a Ingila. Na yi shekaru ina aikin nas a sashen masu raunin laka da na ƙwaƙwalwa a wani asibitin tsofaffin sojoji a can, kuma akwai irin wannan gida a harabarmu, tafiyar minti biyar a ƙafa daga ƙofar ɗakin marasa lafiya. Kafin nan na yi aiki a wani babban asibiti a nan Arewa. Na ga 'yan jinya a baranda, na kuma gan su a kan gado da katifa, don haka da idon nan biyu zan ba ki amsa.

Bari in fara da barandar, tunda ita muka sani. Idan kina aikin dare kika fito wajen ƙarfe uku, sai kin riƙa ɗaga ƙafa kina tsallake mutane. Wannan ta shimfiɗa tabarma, waccan kwali ta farke ta kwanta a kai, ta yi matashi da ledar magani don kada a ɗauke. Ga goyo, ga kula da fulas a gefen kai, ga sauro. Da asuba a yi layi a bakin famfo guda ɗaya. In damina ce ruwa ya feso, kowa ya tattara shimfiɗarsa ya tsaya jikin bango har ya ɗauke. Akwai wata dattijuwa da har yau ba na mantawa da ita. Ɗanta ya yi wata biyu a kwance da karaya a cinya, ita kuma ba ta taɓa komawa ƙauye ko sau ɗaya ba. Ranar da aka sallame shi, ita muka ba gado: zazzaɓi da tari sun kama ta, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Jinyar mutum ɗaya ta kawo ta, gida ya tashi da marasa lafiya biyu.

Mutum zai zaci ƙasa mai arziki ta wuce wannan, amma kafin a fara gidajen nan su ma suna da irin tasu barandar. Sojan Amurka duk inda aiki ya jefa shi nan yake, kuma asibitin da ya ƙware a kan ciwonsa yana iya zama tafiyar kwana biyu a mota daga garinsu. Wanda wuta ta ƙone, alal misali, San Antonio ta jihar Texas ake kai shi, ko da kuwa daga wane lungu na ƙasar ya fito. Albashin ƙaramin soja kuma ba ya ɗaukar kuɗin otal na wata guda a birni mai tsada irin Washington. Sai ki ga uwa ko mata tana kwana a kan kujerar ɗakin jira, wata kuma a cikin mota.

Matar wani babban hafsa ce ta fara ɗaukar abin da zafi, kuma wannan ya kamata ya ƙarfafa muku gwiwa. Sunanta Pauline Trost, mijinta Admiral Carlisle Trost shi ne shugaban rundunar sojan ruwan Amurka daga 1986 zuwa 1990. Ta daɗe tana ganin iyalai suna isowa asibitin sojan ruwa na Bethesda, kusa da Washington, daga nesa, ba su san inda za su sa haƙarƙarinsu ba. Ita ba ta da kuɗin gini, amma ta san kunnen da za a kai wa magana. A 1990 maganar ta isa wurin Zachary Fisher, wani attajirin magini na New York, ɗan wani birkila da ya yi ƙaura zuwa Amurka daga Rasha. Yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta ya kama aikin gini, a nan ya ji rauni a ƙafa, kuma wannan raunin ne ya hana a ɗauke shi soja lokacin yaƙin duniya na biyu. Tunda bai samu ya sa kaki ba, sai ya ƙare rayuwarsa yana yi wa masu kaki hidima. Shi ne ya hana a yanka jirgin ruwan yaƙin nan Intrepid a sayar da ƙarfensa, ya mai da shi gidan tarihi a 1982. A 1989, da wata fashewa a jirgin yaƙi Iowa ta kashe sojoji 47, shi da matarsa Elizabeth suka aika wa kowane iyali dala 25,000. Su biyun ne suka ware sama da dala miliyan 20 daga aljihunsu domin gidajen farko. An buɗe na ɗaya a Bethesda a 1991, na biyu a asibitin sojan ƙasa na Walter Reed a wannan shekarar, sannan a 1994 aka buɗe na farko a asibitin tsofaffin sojoji, a garin Albany. Zachary ya rasu a 1999, Elizabeth a 2004, yanzu wani jikan ɗan'uwansa, Ken Fisher, shi ke jan ragamar gidauniyar Fisher House da ke gina gidajen. Ba su ne suka fara tunanin ba, domin tun 1974 an buɗe gidan Ronald McDonald a Philadelphia saboda iyayen yaran da ke kwance a asibiti. Su dai sun ɗauko shi ne suka kai shi bariki.

To, wa ke biya? A nan nake so ki tsaya sosai, Hajiya, domin a ganina wannan ne ya sa abin ya haura shekara talatin bai mutu ba. Gidauniyar ba ta riƙe gidajen. Rundunonin soja da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji su ke nuna asibitin da ke da buƙata, su ba da fili a cikin haraba. Gidauniya ta zo da kuɗin masu ba da gudummawa, sau da yawa tare da abin da mutanen garin suka tara, ta gina, ta zuba gadaje da kujeru da kayan kicin har cokali. Daga nan sai ta miƙa wa gwamnati makulli a matsayin kyauta. Daga ranar, wuta da ruwa da gyaran rufi da albashin manaja da masu shara duk sun koma wuyan hukumar da ta karɓa. A gidajen da ke hannun ma'aikatar tsofaffin sojoji ba a karɓar ko sisi. A na rundunonin soja kuma, ɗan kuɗin kwanan da ya kamata a caji iyali gidauniya ce ke biya a madadinsu. Ko ta wace hanya dai, mai jinya ba ya ciro komai daga aljihunsa.

Dubi hikimar rabon aikin. Mai kuɗi yana son abin da ido zai gani, a yanka zare, a ɗauki hoto, kuma ba laifi, niyyarsa tana tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma da wuya ki samu wanda zai ɗauki nauyin kuɗin wuta na shekara ashirin. Gwamnati kuwa tana da nawa wajen fitar da kuɗin sabon gini, sai an bi majalisa da kasafi shekara da shekaru, amma biyan albashi da gyare-gyare aikinta ne na kullum. Sai kowa aka ɗora masa kayan da wuyansa zai iya ɗauka. Kin san gine-ginen taimako nawa muke da su da aka buɗe da kiɗa da kalangu, bayan shekara uku famfo ya ƙafe, ƙofa ta ɓalle, awaki suka gaje su. Ba rashin niyya ya kashe su ba. Ranar buɗewa ba wanda ya sa hannu a takarda cewa gobe shi zai biya mai gadi.

Kada kuma ki ɗauka miƙa wa gwamnati shi kenan an huta. A watan Fabrairun 2007 jaridar Washington Post ta bankaɗo halin da wasu sojoji masu rauni ke ciki a wani ginin kwana na asibitin Walter Reed, bango ya yi funfuna, ɓeraye da kyankyasai suna yawo, har sakataren rundunar sojan ƙasa ya rasa kujerarsa a kan maganar. Wancan ginin ba na Fisher ba ne, amma ya nuna cewa ko a can hukuma tana iya yin sakaci da abin da ke hannunta. Abin da ke tsare gidajen Fisher shi ne ba a bar su ga hukuma ita kaɗai ba. Kusan kowane gida yana da 'yan sa-kai na gari da ke shiga da fita, su kawo kayan abinci, su dafa, su sayo abin da kasafin gwamnati bai tanada ba. Inda idanu ke da yawa, ɓarna ba ta daɗewa a ɓoye.

Yaƙin Afganistan da na Iraƙi su suka sa gidajen suka yawaita. Sama da sojojin Amurka 50,000 suka ji rauni a yaƙoƙin biyu, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda aka raunata sun rayu, abin da ba a taɓa gani ba a yaƙoƙin baya. A zamanin yaƙin Vietnam sai mai rauni ya yi kusan kwana 45 kafin ya iso gida. A waɗannan kuwa cikin kwana uku ko huɗu an ɗauko shi daga bakin daga, an bi da shi ta asibitin Landstuhl a Jamus, an sauke shi a Amurka. Ma'ana, mutanen da a da gawarsu za a kawo, yanzu da ransu ake kawo su, amma babu ƙafa, ko babu hannu, ko ƙwaƙwalwa ta bugu. Sama da 1,500 aka yanke wa hannu ko ƙafa. Irin wannan jinya ba ta mako biyu ba ce. Tiyata ce a kan tiyata, sannan gashin ƙashi, sannan koyon tafiya da ƙafar roba, wani ya shekara, wani ya haura. Shi ya sa gidajen farko ba su wuce ɗaki takwas ba, na baya kuwa har da masu ɗaki 21. Landstuhl ta samu nata a 2001. A 2013 aka buɗe mai ɗaki 18 a asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Birmingham, inda ake kai sojojin Birtaniya da suka ji rauni, da haɗin gwiwar ƙungiyoyin agaji na ƙasar. Bisa lissafin gidauniyar, iyalai sama da 400,000 suka kwana a gidajen tun farawa.

Yanzu bari in shigar da ke ciki. Kowane iyali yana da ɗakinsa da banɗakinsa da makullinsa. Amma kicin ɗaya ne, wurin cin abinci ɗaya, falo ɗaya, ɗakin wanki ɗaya. Da na fara zuwa na ɗauka tsimi ne ya sa ba a yi wa kowa nasa kicin ba. Daga baya na gane da gangan ne.

Akwai wata matashiya da mijinta ya karye a laka, aka kawo shi sashenmu. Kullum da sassafe ina tarar da ita a bakin gadonsa kafin in karɓi aiki, sai na yi zaton kusa take zaune. Wata rana na shiga banɗakin baƙi na same ta tana goge baki, ga 'yar jakarta a buɗe a kan wurin wanke hannu, rigar jikinta duk ta yamutse. Na tambaye ta inda take kwana. Ta yi shiru, can ta ce a mota, kwana na shida kenan, kuɗin otal ya ƙare tun makon farko, kuma kunya ta hana ta gaya wa kowa. A ranar na kai ta wurin jami'ar walwalar marasa lafiya, domin ta hannunsu ake samun ɗaki. Bayan kwana biyu na leƙa gidan da dare bayan na tashi aiki. Na same ta a kicin, gashinta a jiƙe alamar ta yi wanka, tana zaune da kwanon miya a gabanta. Kusa da ita wata dattijuwa ce da ɗanta ya kai wata bakwai a sashen, ta ɗauko takarda da biro tana rubuta mata tambayoyin da za ta yi wa likita gobe idan an zo zagaye: yaushe za a fara zaunar da shi, wa zai koya mata canja robar fitsari, wace takarda za ta cike tun yanzu don kada keken guragu ya makara. Abubuwan nan mu ma muna faɗa, amma daga bakin nas mai sauri ba sa zama a kai. Daga bakin wadda ta riga ta bi hanyar kuwa, a tsakar dare, a kan kwanon miya, suna zama daram. Bayan wata huɗu na ga ita wannan matashiyar ce ke zaune a kujerar dattijuwar, tana rubuta wa wata sabuwar zuwa.

Wannan ya kawo mu ga maganar 'yan'uwanki da suka ce gara magani. Ba zan raina maganarsu ba. Idan yau ga soja a kwance, ga takardar magani, babu kuɗin saye, to a sayi magani, wannan ba ya buƙatar shawara. Amma kuskure ne a ɗauki masaukin 'yan jinya a matsayin jin daɗi da za a yi bayan an gama magani. Shi ma cikin maganin yake. Mai raunin ƙwaƙwalwa da ya farfaɗo bai san inda yake ba, yana fizge-fizge yana cire robar da aka sa masa, na sha ganin muryar mahaifiyarsa ta kwantar da shi inda da allura za mu yi masa. Wanda ke cikin mayen maganin kashe zafi ba ya riƙe abin da likita ya ce, sai da wani a gefe mai kai a natse. Idan za a shiga tiyatar gaggawa ana neman mai sa hannu, gara a ce yana tafiyar minti biyar da a ce yana wata jiha. Uwa uba, ranar sallama ba ita ce ƙarshen jinya ba. Matar nan ko uwar nan ita za ta zama nas ɗinsa shekara da shekaru: juya shi kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, ɗauke shi daga gado zuwa keke ba tare da ta karya bayanta ba, gane alamar ciwon fitsari kafin ya shiga jini. Wannan ba a koyonsa a rana ɗaya, sai an yi makonni ana yi tare da mu. Wadda ta kwana a mota ba ta koyon komai, idonta biyu ne kawai amma hankalinta ba ya wurin. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: saurayi mai ƙarfi da ya farka ya ga babu ƙafafunsa, akwai daren da zuciya ke raya masa mugun abu. A irin wannan dare, sanin cewa da safe matarsa za ta turo ƙofa da 'yarsa a hannu yana riƙe mutum.

A wurinmu ma buƙatar ta fi ta can girma. A Amurka nas ce ke wanke mara lafiya, asibiti ke ciyar da shi, magani daga ɗakin magani yake tahowa har bakin gado. A nan mai jinya shi ne rabin ma'aikatan asibiti: shi ke zuwa sayen magani, shi ke kai jini gwaji ya karɓo sakamako, shi ke neman mai ba da jini, shi ke dafawa, shi ke wanki, shi ke zubar da fo. In ya faɗi, jinya ta tsaya. Kuma sau nawa muka ga an sa hannu an fita da mara lafiya magani bai ƙare ba, ba don kuɗin maganin kaɗai ba, sai don masu jinya sun gaji, guzuri ya ƙare, an bar yara a gida babu kowa? Kuɗin maganin da aka riga aka kashe ya bi ruwa kenan.

Tsarin na Amurka yana da giɓinsa, kuma gara ki sani. A asibitocin tsofaffin sojoji ƙa'idar da aka fi bi ita ce sai gidanku ya kai nisan mil 50, wato kamar kilomita 80, kafin a ba ku ɗaki. Na ga wadda nisan gidanta bai kai hakan ba da kaɗan, ba ta da mota, ƙa'ida ta bar ta a waje, abin ya dame ni ƙwarai. Gidajen suna cika, a shiga layin jira. Ba a yin jinya a cikinsu, don haka wanda zai sauka dole ya zama mai iya kula da kansa. Kuma ɗaki kyauta ba ya mayar wa mace albashin aikin da ta ajiye ta taho. Sai a 2010 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba da damar a riƙa biyan alawus ga masu jinyar tsofaffin sojojin da suka ji mummunan rauni. Akwai kuma masu cewa wanda gwamnati ta tura yaƙi, bai kamata iyalinsa su dogara da sadakar attajirai ba. Ina ganin gaskiyarsu. Ita ma rundunar tana biyan kuɗin tafiyar 'yan'uwa har uku idan soja na bakin aiki yana cikin mawuyacin hali, amma wannan ba ya ɗaukar dogon zango, ba ya kuma shafar tsohon sojan da ciwon daji ko na zuciya ya kwantar shekara arba'in bayan ya ajiye kaki, alhali irinsu ne suka fi yawa a gidajen da na sani. Ni dai ra'ayina, a ci gaba da matsa wa gwamnati ta sauke nauyinta, amma kada a bar matar nan a mota har ranar da za a gama gardamar.

Gidauniyar ta toshe wasu ramukan da dabaru masu sauƙi. Akwai shirin Hero Miles, inda matafiya ke ba da kyautar makin da kamfanonin jiragen sama ke tara musu, a mai da shi tikiti ga iyalan masu rauni. Akwai makamancinsa na otal, domin ranar da gida ya cika. A 2010 ta gina wani gida na daban a sansanin sojan sama na Dover, inda ake sauke gawarwakin sojojin da suka mutu a waje, domin iyalan da suka zo tarbar gawa su samu inda za su yi kukansu a rufe. A Oktoban 2013, lokacin da rikicin kasafi ya tsayar da ayyukan gwamnatin Amurka, aka kasa biyan dala 100,000 da ake ba iyalin sojan da ya mutu a bakin aiki, gidauniyar ce ta ce za ta biya. Kunya ta kama majalisa, ta yi doka cikin kwanaki aka ci gaba da biya, ita kuma gidauniyar ta ba kowane iyalin da abin ya shafa dala 25,000 daga wurinta. Amanar da ta tara ce ta sa Shugaba Obama ya ba ta dala 250,000 daga kuɗin kyautar Nobel ɗinsa, kaso mafi tsoka cikin abin da ya rarraba.

To ku fa? Kaduna wuri ne da ya dace da wannan tunani, domin asibitin soja na 44 yana karɓar sojojin da aka raunata a Arewa maso Gabas da sauran fagagen daga, kuma sojan Najeriya daga ko'ina yake: matarsa tana iya tasowa daga barikin Fatakwal, mahaifiyarsa daga wani ƙauye a Sakkwato ko Binuwai, ba su san kowa a garin ba. Shawarata, kada ku fara da bulo da siminti. Ku fara da zama da hukumar asibitin, domin in ba da yardarta ba, ko kun gina ba zai yi aiki ba. Ku nemi bakin ƙungiyoyin matan hafsoshi irin su NAOWA da DEPOWA, da ƙungiyar 'yan mazan jiya, su ne masu shiga inda ku ba za ku iya shiga ba. In da hali, ku kama hayar gida mai ɗaki biyar ko shida kusa da asibitin na shekara guda, ku gwada. A wannan shekarar za ku san abin da takarda ba za ta gaya muku ba: ruwa nawa ake sha, gas nawa ke ƙarewa, wace irin rigima ke tashi a kicin.

Duk abin da za ku yi, kada a sa tubali ɗaya sai an rubuta, an sa hannu, wa zai biya wuta da ruwa da albashin mai kula da gida. In hukuma ba za ta ɗauka ba, muna da hanyar da ta girmi gidauniyar Fisher da ƙarnoni, wato waƙafi. A gina masaukin tare da shaguna huɗu ko biyar a bakin titi, a tsayar da hayarsu har abada a kan hidimar gidan, a sa amintattu masu ba da lissafi a fili. Da yawan masu hali da za su yi nauyin hannu wajen ba da gudummawar wata-wata, za su buɗe hannu idan aka ce sadaka ce mai gudana.

Sai ƙa'idar shiga, wadda in aka yi wasa da ita komai ya rushe. Ɗaki ya fito daga hannun asibiti, bisa tsananin ciwo da nisan gida, ba da takardar wani babba ba. A gidan da na sani ba a tambayar muƙami a bakin ƙofa, matar kurtu da matar kanar tukunya ɗaya suke jira ta tafasa. Ranar da aka fara ajiye ɗaki domin baƙon oga, gidan ya zama wani abu daban. Ku kuma yi la'akari da halinmu: mu mutane ne masu dangi da 'yan dubiya, don haka a ƙayyade mutum biyu ga kowane mara lafiya, masu dubiya su tsaya a zaure. A raba ɓangaren maza da na mata, a tanadi wurin salla, a tanadi inda Kirista zai yi addu'arsa, domin harsashi bai tambayi addinin kowa ba. Rijiyar burtsatse da wutar sola da gidan sauro su riga talabijin da labule. Kicin kuwa ku bar shi ɗaya, mai faɗi, da wurin zama a ciki.

Kafin taronku na gaba, ku nemi izini, mutum uku daga cikinku, har da ɗaya daga cikin masu cewa gara magani, ku je asibiti bayan sallar isha'i da littafi da biro. Ku ƙirga mutum nawa ke kwance a waje, ku tambayi kowace daga ina ta zo, kwana nawa ta yi, ina take wanka, me ta ci yau, wa ta bar wa yara. Ku sake komawa wani daren a sati na gaba, ku ga fuskoki nawa ne ba su canja ba. Wannan lissafin za ku ɗauka ku kai wa kwamandan asibitin da duk wani mai hali da kuke son ya sa hannu.